Sabiyanci a Bayan Zana

Madarunfa, kakar 1937

Zuwa ga Yayata Rabi, a Jibiya.

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Musa da yara duka. Yaya ƙafar nan taki, ta bar kumburi? Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau, gyaɗa ba laifi, tabki ya cika har ya taɓo gonar Kawu Tanko. Gwaggo Ladi tana gaishe ki, ta ce tun da kika koma ƙasar Ingilishi kin manta da masu tuwon dawa.

Da hannuna na rubuta, da ajamin da marigayi Baba ya koya mana, sai ki yi haƙuri da karkacewarsa. Ba maganar da zan kai wa mai rubutun kasuwa ba ce.

Kin san Mushe Yoban, Baturen awon gyaɗa, wanda na zauna da shi har ya gaji ya sallame ni. Kin kuma san abin da zaman ya bari, wato yarinyar da Gwaggo take riƙo tun yaye. Ba zan rubuta sunanta ba, kin san ba zan iya ba. 'Yar fari ce, ga ta kuma da sunan Innarmu. 'Yar Gwaggo nake ce mata, ita kuma Yaya Dije take ce mini, kamar yadda aka koya mata.

To, mutumin da bai taɓa tambayar ko ta ci ko ba ta ci ba, yau ya tuna yana da ɗiya. Wai tsohuwarsa ta aiko tana son ganin jininta kafin ta mutu. Shi dama ba Bafaranshe ba ne, soja kawai ya yi musu. Ƙasarsu Sabiya ake ce mata, kuma tsohuwar ba ta jin komai sai Sabiyanci. Don haka kullum da hantsi sai a kai masa yarinyar, ya zaunar da ita a rumfarsa ya koya mata. Rumfar nan kuwa zana ɗaya ce ta raba ta da inda turmina yake a gidan Kawu. Duk abin da aka faɗa a kunnena ake faɗa.

Yaya, wanda ya ƙago wannan harshe ba shi da aikin yi. Mu gida gida ne, ko ki shiga ko ki fita. Su kuwa kuca ne in kina nuna shi, kucu in za ki shiga, kuci in kina ciki, kuce in kin fito. Kowane suna wutsiya yake canzawa har kala bakwai. Kuma komai na duniya sun raba shi uku: namiji, mace, da wanda ba namiji ba mace. Yaro a na ukun suka saka shi, tare da su ƙwai. Rubutunsu ba boko ba ne ba ajami ba, akwai wani harafi ma kamar an take gizo-gizo.

Da dariya na fara saurare. Yanzu na daina. Yana da wani siririn katako da yake jan layi da shi, wutsiya ɗaya ta kuskure sai ki ji ƙwas a bayan yatsu. In ta yi kuka da Hausa ya ƙara mata, wai ko wayyo sai da harshensu. Shekararta bakwai fa, Yaya. Ni kuma ina tsaye da taɓarya a hannu, ba halin in leƙa. Ranar da na kai ido jikin zana, Gwaggo ta ce, "Ke Dije, ɗiyar hwari kike leƙe? Ashe zama da Nasara ya wanke miki ido." Sai na koma dakana.

Ya ma sake mata suna, wai Militsa. Wannan kam ina iya rubuta shi, tun da ba nata ba ne.

Ki gaishe da Malam, ki sa mu a addu'a. In masu jakuna za su dawo, ki aiko mini da allura mai kyau.

Ƙanwarki,
Dije


Madarunfa, bazarar 1938

Zuwa ga Yaya Rabi.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, allura ta yi, na gode Allah ya saka. Na ji an yi wa Audu kaciya lafiya, Allah ya raya. Nan zafi ne kawai, tabki ya ja baya, masunta suna ta ƙorafi.

Kin ce in kwantar da raina, wai karatu ne kawai. To ki saurara.

Yarinyar nan kanta ya fi nawa da naki. Yanzu katakon bai cika sauka ba, hira suke yi har ki ji ya yi dariya. Ya saya mata takalmi da riga mai maɓalli, can take cin abincin rana da cokali. In ta dawo gida sai ta zauna shiru, don ya ce mata duk kalmar Hausa da ta faɗa tana korar ta Sabiyanci guda daga kanta. Yaran unguwa sun daina kiranta wasa.

Abin dariya, ni ma na iya. Ban nema ba, zana ce ba ta tare murya. Ina daka ina bi: maika, maike, maitsi, maiku. Uwa ke nan a harshensu, ita ma wutsiyarta ba ta zama wuri ɗaya. Na san yadda ake cewa ina da abu, da yadda ake cewa ba ni da shi. Wani lokaci kafin ta ba da amsa na riga ta a zuci, in ta yi daidai har taɓaryata ta fi sauka da ƙarfi. Ba wanda ya sani, ke kaɗai na gaya wa.

Ranar sunan jikar liman wani abu ya faru da har yau yake cina. Ran nan katakon ya sauka da yawa, ta shigo da yatsu a kumbure. Mata cike da tsakar gida. Ta wuce Gwaggo, ta wuce kowa, ta zo ta zauna a gefen tabarmata, ta ɗora hannun a gwiwata. Ba ta taɓa yi ba. Duk aka zuba mini ido ana murmushi. Na janye ƙafata na ce wa Gwaggo ga 'yarta nan tana neman ta. Aka yi shewa, wata tsohuwa ta ce haka ake so. Yarinyar ta tashi ta koma wurin Gwaggo. Da muka koma gida na daka ganye na haɗa da man shanu, na ba Gwaggo ta shafa mata. Ba ta san daga hannuna ya fito ba, kamar yadda ba ta san wa yake ɗinka mata zane ba.

Washegari Mushe Yoban ya tare ni a hanyar rijiya. Da Hausarsa mai kama da tauna tsakuwa ya ce ya ji labarin abin da na yi, wai karyar gidansa ma tana lasar 'ya'yanta. Ya sani fa, Yaya. Shekarunsa nawa a ƙasar nan? Ya san kunya ce, ya ga matar kukunsa tana yi, har ya taɓa tsokanata a kai lokacin ina da cikin. Yana faɗa yana kallona yana dariya da ido.

Ga dalilin wasiƙar. Kumandan, Baturen mulki, zai zo rangadi daga Maraɗi kafin ruwa ya sauka. Mushe Yoban zai nemi takarda a sa wa yarinyar sunansa, ya tafi da ita ƙasarsu gaba ɗaya. An ce dokar Faransawa ba ta yarda ba sai an tambayi uwa a gaban jama'a, in ta ƙi to an ƙi. Kawu ya ce in kwantar da hankalina, shi zai yi magana a madadina kamar yadda aka saba, ni in zauna a baya in rufe kai. Ya ce ba mai ɗauke mana ɗiya yana raye. Gwaggo kuwa kuka take yi tana zagin tsohuwar da ba ta taɓa gani ba.

Ni dai na yi niyya. In ta kai ga sai na buɗe baki, zan buɗe. Ina gwada cewa ɗiyata ce, ban yarda ba, in na tafi itace, inda ba kowa sai kurciya, kuma maganar tana fita ba wuya.

Ki roƙa mana Allah, ki sa Malam ma ya roƙa. Ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya.

Taki har kullum,
Dije


Madarunfa, farkon daminar 1938

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fatan kuna lafiya kuma ruwa ya sauka muku. Mu an yi shuka. Jikina lafiya, ba abin da yake mini ciwo.

Sun tafi da ita.

Zan faɗa miki yadda aka yi, don kada ki ji a bakin 'yan kasuwa su ƙara gishiri. Ranar kasuwa kumandan ya zo, aka kafa masa tebur a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar fada. Garin nan kaf ya hallara, har mutanen Safo da Gabi da suka zo cin kasuwa. Sarki yana nan, liman yana nan, dattawa suna nan, tsofaffin mata sun yi layi a bayana. Tafintan ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga bakin teku aka kawo shi, Hausar ciniki kawai ya iya. Yarinyar tana tsaye kusa da ubanta da takalminta.

Kawu ya tashi ya fara magana mai kyau. Bai kai rabi ba kumandan ya ɗaga hannu, wai shi ba uwa ba ne. Gwaggo ta ce ita ta goya ta, ita ta yi jinyar ƙyandarta. Aka ce ita ma ba uwa ba ce. Sai Mushe Yoban ya sunkuya ya daɗe yana yi wa kumandan magana a kunne.

Yarinyar aka fara tambaya. Aka nuna ni, aka ce wannan matar ta taɓa kiran sunanki? Ta girgiza kai. Ta taɓa ɗaukar ki, ta taɓa ba ki abinci da hannunta? Ta girgiza kai. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa.

Sannan aka ce in taso gaba. Ni na shirya wa tambaya ɗaya, ko na yarda ta tafi, in ce ban yarda ba. Ba ita aka yi mini ba. Tafinta ya ɗaga murya ya ce kumandan yana so in faɗi sunan ɗiyata kowa ya ji, in kuma faɗa ko ina son ta. Na san wanda ya shirya tambayar nan.

Na ɗaga kai na ga Kawu ya sunkuyar da nasa, liman ya juya fuska. A bayana na ji tsofaffi sun fara ƙus-ƙus, wata ta ce, "Kai, wagga tambaya! Ana yi wa mace haka?" Wallahi Yaya na buɗe baki don in faɗa. Abin da na gwada a daji yana nan a maƙogwarona. Amma bakina ya yi abin da aka koya masa tun ina budurwa. Na ja mayafi na rufe fuska, na ji kaina ina cewa ni ina ruwana da ita, 'yar Gwaggo ce.

Jama'a suka yi ajiyar zuciya, har wasu suka yi 'yar dariya, don kowa a wurin ya san ma'anar maganar. Tafinta ya fassara maganata yadda ta fito. Kumandan ya rubuta. Kawu ya zabura yana cewa kunya ce, ba haka take nufi ba, a sake tambaya a cikin gida. Aka ce abin da aka rubuta an rubuta. Wani gardi ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada ya danna a takarda. Ina ta cewa ban yarda ba, ban yarda ba, amma kumandan ya riga ya kira masu rigimar gona.

Duk wannan tana kallona. Ba ta yi kuka ba. Ta juya wurin ubanta ta ce masa, a hankali, da harshensu, "Nemam maiku." Wato ba ni da uwa. A duk taron nan mutum biyu ne suka ji abin da ta ce, shi da ni. Ko wutsiya ɗaya ba ta kuskure ba, na sani don tare muka koya. Ya shafa kanta.

Da la'asar kamyon kamfani, babbar motar kayan nan, ya ɗauke su. An ce ta Ɗan Issa za su bi su kama jirgin ƙasa a Kano, ke nan ta wuce ta garinku tun kafin masu jakuna su kawo miki wannan. Ban fita rakiya ba, uwar 'yar fari ba ta rakiya. Ina ɗaki na ji ƙarar motar har ta ɓace.

Ina son ta, Yaya. Na so ta tun tana motsi a cikina, na so ta fiye da ke, fiye da Inna, Allah ya gafarta mini. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Zuciyata ƙuna take yi, kuma ban san wanda na fi jin haushi ba tsakanin shi da ni.

Tun ranar gidan nan bai rabu da baƙi ba. Na ɗauka jaje suke zuwa. Gwaggo, da idonta a kumbure, duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "An tahi da ɗiya, amma Dije ba ta ba mu kunya ba." Su kuma su ce ai magana ta kai har Maraɗi, a gaban Nasara da sarki ba ta saki al'ada ba. Jiya matar liman ta zo da ƙaramar ɗiyarta, mai cikin fari, wata bakwai. Ta zaunar da ita a gabana ta ce ta dube ni da kyau, in ta haihu haka ake so ta zama. Yarinyar ta dube ni da kyau. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo musu ruwa.

Kada ki taso, hanya ta yi laka. Ki gaishe da Malam da yara. Allah ya bar miki naki a gabanki.

Ni ce ƙanwarki,
Dije