Cikin Ummuhani

Dogon Dutsi

Yaya Sa'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da duk mutanen Dumega. Na rubuto ne don in a waya ne ba za ki bari in kai ƙarshe ba.

Yaya, ciki gare ni. Lokotorona na asibitin Yamai ya ce ƙwayar da nike sha kullum don sankarar jinin nan tana iya lalata abin da ke ciki. In na aje ta kuma, ciwon na iya tashi. Na aje. Maigidana Mahmuda ya yi kuka, ni kuwa dariya nike ta yi kamar mai iska. Shekara nawa ina zuwa sunan ɗiyan wasu da sabulu a hannu?

Ƙanwarki,
Ummuhani

*

Dumega

Ummuhani,

Wa alaikumus salam. Lahiya lau muke, sai dai kin hana ni cin tuwo. Taurin kan nan tun kina tatata kike da shi. Wa ya ce miki ɗa ya hi rai? Kin manta yadda saifarki ta kumbura kahin a samo ƙwayar nan? Ga nawa huɗu, ɗauki wanda kike so, har da Bilal da ke nono.

To, tunda bakin alƙalami ya bushe, Inna ta ce ki taho gida goyon ciki, ba a haihuwar fari a ɗakin miji. Amma kada ki fasa awon jininki. In kin fasa, ni da ke ne.

Allah ya sauke ki lahiya.
Sa'a

*

Asibiti, Yamai

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ban san lokacin da anka ɗauko ni daga gida ba, naman sunan ɗiyata Firdausi kawai nike tunawa. An maida ni kan magani, an ƙara mini jini, amma lokotoro ba ya kallon idona in yana magana.

Ya ce ko na warke ba zan ba Firdausi nono ba, ƙwayar tana bin nono. Ƙirjina ya cika har zane na jiƙa, ina matsewa a kwano ana zubarwa. Wannan ya hi ciwon zahi. Ki raba musu nononki ita da Bilal, don Allah. Kuma na ji haushin kaina, Yaya. Kwanan da na yi da ita, kunyar ɗiyar fari ta sa ko kallon kirki ban yi mata ba. Ban san da wa take kama ba.

Taki,
Ummuhani

*

Dumega

Ummu,

Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tun daren farko na sa ta a nono, ba sai kin roƙa ba. Acici ce, ta kusa korar Bilal. Goshinki ne sak, har da haɗe girar.

Na ce in kawo miki ita, Inna ta ce jinjiri ba ya hawa mota sai an yi arba'in. Saura kaɗan. Ki ci abinci, ki daina wannan magana kamar mai wasiyya, ba na so.

Yayarki,
Sa'a

*

Yamai

Yaya Sa'a,

Bayan gaisuwa, Mahmuda ne. Ita ta ce in rubuta, hannunta ba ya riƙe biro. Ta ce ki ba Inna haƙuri, ki goyo Firdausi ki shigo motar farko daga Kore Mairuwa.

Kada ki jira arba'in.

Wassalam.