Wayar da Maigidana Ya Jona a Turken Maƙwabci

Assalamu alaikum Malama Wafa. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya hana ni natsuwa ko a cikin salla, kuma duk wanda na faɗa wa na tona asirin gidana.

A Ƙuba muke zaune, nan ƙasa mai tsarki. Maigidana yana aiki a Yanbu, yana kula da jirgin ruwan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, a wata marsa, wato inda ake ɗaure ƙananan jirage. Duk mako biyu yake zuwa gida da kula cike da kifi. Ban taɓa ganin wurin ba, amma na sha bayani har na kusa haddacewa. Kowane jirgi yana da turkensa na lantarki a bakin ruwa, nan ake jona masa waya. Da can kuɗin wuta a dunƙule ake biya tare da na haya, gwargwadon tsawon jirgi, ka sha da yawa ka sha kaɗan duk ɗaya. Turken su maigida ƙarami ne, da an kunna firiza sai wuta ta ɗauke. Na jirgin gefensu babba ne, mai kula da shi kuma ɗan garinmu ne, bari in kira shi Ɗan'inna. Shi ya ce a ja waya daga nasa, kamar yadda ake yi a gida in maƙwabci ya ta da janareto. Kyauta mai kyau, Malama, sai dai mai kyautar ba kayansa ba ne.

Wata takwas da suka wuce aka sa wa kowane turke mita, abin da ka sha shi za ka biya. Waya tana nan inda take, har ma Allah ya yi mata albarka ta hayayyafa: firiza ta zama biyu don kifin da maigida ke saye wurin masunta yana sayarwa, ga ɗan mukayyif na sanyaya ɗaki. Mai jirgin gefen ya ga fatura, takardar kuɗin wuta, tana hawa alhali yakan yi wata biyu bai leƙa ba. Ya ce Ɗan'inna ne ke miƙe ƙafa a ciki yana shan sanyi. Ya yanke masa albashi, ya ce in bai kawo bayani ba zuwa ƙarshen wata, ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Ɗan'inna ya yi gum, don in ya yi magana za a gane shi ya yi kyauta da wutar ubangidansa. Nawa mijin kuwa ya nannaɗe wayarsa ya ɓoye.

Da na yi masa magana a hankali sai na gano ashe babban malami nake aure ban sani ba. Wai lantarki ba a ganinsa, ba a auna shi da mudu, kuma mai jirgin ba zai ji a jikinsa ba. Ni dai allo na yi da 'yar Islamiyya, ban kai babin da aka ce abin da ba ya ganuwa ba ya satuwa ba.

Ranar Juma'a matar Ɗan'inna ta zo gidana, ba ta san komai ba. Na soya mata kifin nan, ta ci tana hawaye tana ja wa wanda ya jefa mijinta cikin wannan hali Allah ya isa. Sai ta juyo tana jiran amin ɗina. Na yi tari, kuma Allah shaida ne babu ƙaya a wuyana. 'Ya'yansu huɗu. Mu ma iƙamarmu a hannun mutum take. In faɗa mata? In yi shiru? Kifin ma ya halatta?

Wadda Ta Kasa Cewa Amin, Ƙuba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki gaishe mini da Shehin malamin. Ki shaida masa an riga shi: abin da mudu ya kasa aunawa shi ya sa aka ƙera mita, ita kuma ba ta jin kunyar ɗan gari.

Tsoronsa ba na banza ba ne, duk mai zama da iƙama ya san nauyinta. Farkon abin ma zumunci ne, kuma Ɗan'inna yana da nasa kason laifin. Amma tun ranar da aka sa mita, zumuncin ya koma kan aljihun wani. Yanzu kuwa ya wuce batun riyal, an ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, mijinki yana kallo.

Kada ki fara da matar. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Harra, ki rasa ƙawa, mazan su rasa damar gyarawa da bakinsu. Ki koma wa maigida, ki ajiye fiƙihu ki yi masa lissafi. Ofishin marsa yana da karatun mitocin nan biyu wata-wata. Jirgi mai firiza biyu bai sha komai ba, wanda ba kowa a cikinsa ya sha na mutum biyu. Duk wanda ya jera takardun zai gane, ba sai an yi istihara ba. Gara ya kai kansa da a zo a same shi.

Ya fara sanar da kafilinsa, kada ya ji a bakin wani. Sannan shi da Ɗan'inna su karɓi karatun mitar, su fitar da bambancin, su ɗauki dattijon da ake jin maganarsa su je wa mai jirgin da kuɗin a hannu. Abin da aka yanke wa Ɗan'inna kuma a mayar masa, ko da a hankali. In sana'ar kifi za ta ci gaba, a nemi izini a biya turke babba kamar kowa.

Kifin da kuɗinsa ya saya, a fahimtata haƙƙin yana kan wutar ne, amma ki tambayi malami na gaske.

Ki ba shi mako guda. Ki faɗa masa cikin ladabi cewa bayan nan za ki kai maganar ga babban da yake jin nauyi, kuma ki cika. Ba na yi miki alkawarin aikinsa zai tsira. Abin da na sani, aiki ana samun wani, amma hawayen wanda aka zalunta ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya tausasa zuciyarsa, ya rufa asirin gidajen biyu, ke kuma ya mayar miki da natsuwarki.

Malama Wafa