Ranar da alƙali ya gana da Safiyya ta kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Hajara.

Bayan addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, maganar 'yarki Safiyya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A gadon asibiti kika ce min, "Binta, ki riƙe min ita." Na taho da ita Doha inda nake aikin jinya, na sa ta a makaranta. Mahaifinta, da ya sake ki tun tana goye, shi da kansa ya amince da tafiyar. Sai da korona ta rufe hanya ya kai ni ƙara a gida, wai na raba shi da 'yarsa.

Babu jirgi, don haka aka ce za a yi zaman ta bidiyo. Na dawo daga aiki, shatin takunkumi bai bar fuskata ba, na ɗora kwamfuta a kan teburin cin abinci. Ga alƙali, ga lauyoyi, ga mahaifinta cikin farar shadda. Murya na zuwa tana yankewa. Da aka zo kaina, ina tsakiyar magana hoton ya tsaya cak. Ban san me alƙali ya ji ba, ban san me ya wuce shi ba.

Sai ya ce yana son jin ta bakin yarinyar ita kaɗai. Ya sa na zagaya da kwamfutar ya ga kowane lungu na falon, har bayan labule, sannan ya ce in fita.

Yaya, a bakin ƙofa na tsaya daga waje. Maƙwabciyata, wata 'yar Zangon Kumasi, ta fito ta tsaya daga nesa saboda cutar, tana ta jan carbi.

Da Safiyya ta buɗe ƙofa, idanunta sun yi jajir. Har yau ba ta gaya min abin da ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Alƙali ya bar min riƙonta, da sharaɗin ta riƙa zuwa hutu wurin mahaifinta in hanya ta buɗe.

To, hanya ta buɗe. Gari ya cika da 'yan kallon gasar ƙwallon duniya, an rufe makarantu, jibi za ta tafi. Ta zaɓo masa turare da kanta, sai murna take yi. Ni kuwa gabana faɗuwa yake, kada a riƙe fasfonta a can. Amma zan kai ta filin jirgi, kuma ba zan yi kuka a gabanta ba.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya zuciyar mahaifinta, ya dawo min da ita lafiya.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Binta, daga unguwar Mu'aither, Doha.