Baba, Na Ga Kokawar Japan da Idona

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi, wanda ke kwance a maƙabartar Baƙi'a, a Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga ubansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Mu nan gida lafiya lau. Inna tana nan, gwiwar ce dai ke damunta. Ƙanwata Hauwa ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar masa da sunanka.

Baba, yau kwanana biyar da dawowa daga Japan, kuma akwai labarin da ke cina a rai. Na ba abokan aikina a filin jirgi, suka yi dariya suka ce na je ƙarshen duniya kallon masu tumbi. Kai ne za ka gane shi, kai kuma shekara uku ke nan ba ka nan. Shi ya sa na zauna rubuta maka, kuma da Hausa, Hausar da kake yi mini magana da ita ina amsa maka da Larabci. In ka ga ta karkace, ka yi haƙuri.

Ka san aikina, gyaran motocin da ke ɗora jakunkunan alhazai cikin jirgi. Kamfaninmu ya sayo sababbi daga can, sai aka tura mu mu uku, mako uku, mu koyo gyaransu a wata masana'anta kusa da Tokyo. Wanda aka haɗa mu da shi wani dattijo ne, Ishida, gajere, kansa duk furfura, ba ya dariya. In ka ajiye sifana inda ba wurinta ba, ba zai ce maka uffan ba, sai ya tsaya yana kallonta har ka ɗauke. Turancinsa guntu-guntu, nawa ma haka, a haka muka yi ta lallaɓawa.

Wata rana da yamma mun tashi aiki, na ga talabijin ɗin ɗakin cin abinci yana nuna wasu ƙarti biyu sun sarƙe da juna. Sumo suke ce mata, kokawarsu ta gargajiya. Na tsaya da kofin shayi a hannu har ya huce. Ban san lokacin da na ce wa Ishida, "Babana ma ɗan kokawa ne, a ƙasarsu ba a taɓa kai shi ƙasa ba." Ya daɗe yana kallona. Washegari na tarar da tikiti a kan teburin aikina, ya ce Asabar mu biyu za mu je.

Baba, wannan ne karo na farko a rayuwata da na faɗi maganar nan ga wani da bakina, ina jin daɗin faɗarta. Ka san dalili.

Ina da shekara goma sha biyar, lokacin muna zaune a unguwar Anbariyya, wasu alhazai daga ƙasar Tawa, can wajenku, suka sauka a gidanmu. Wani tsoho cikinsu ya gane ka, ya miƙe ya hau yi maka kirari. Kai da kullum kake sunkuye kan keken ɗinki, sai ga ka ka ajiye hula, ka naɗe hannun riga, kana taka ƙasa kana jujjuya kafaɗa a tsakar gida. Daidai nan abokaina na makaranta suka shigo. Suka yi ta dariya. Da baƙi suka fita na ce maka da Larabci, "Aib, ya Baba, ka ba ni kunya." Ba ka daka mini tsawa ba. Hularka kawai ka ɗauka ka koma kan keke. Daga ranar ban sake jin ka ambaci kokawa ba har ka bar duniya.

To, bari in ba ka labarin Asabar.

Tun kafin azahar Ishida ya zo ya ɗauke ni, muka hau jirgin ƙasa. Tun daga tasha na fara ganinsu, samari manya-manya cikin dogayen riguna masu ɗamara, gashinsu an shafe shi da mai an ɗaure a tsakar ka, ƙamshin man yana bin su. Ƙofar gidan kokawar duk tutoci ne dogaye masu launi, iska na kaɗa su.

Da muka shiga sai na riƙe baki. Ɗaki ne guda, amma ya ci unguwa. A tsakiya an gina dandamali na yumɓu, an kewaye shi da igiyar ciyawa, a samansa ga rufin ɗaki yana lilo daga sama babu ginshiƙi ko ɗaya. Muka cire takalma muka zauna a ƙasa kan ƴan matasai, cikin wani ɗan gurbi da ni kaɗai ma na cika shi. Abin da ya ɗaure mini kai, wurin kusan wayam. Na tambayi Ishida ina mutane, ya ce manyan ƴan kokawa sai la'asar, yanzu ƙanana ne. Na ce a raina, to me ya kawo mu tun yanzu?

Ba zan ɓoye maka ba, da na ga shigarsu sai da na kawar da kai na yi istigfari. Ɗamara ce kawai mai kauri, ba wani abu. Sai na tuna abin da ka taɓa ce mini ina ƙarami, ranar da muka ga wasu leburori biyu suna gwada ƙarfi a bayan kasuwa: "Bar kallon jikinsu, Sule, kalli ƙafafunsu." Na mayar da idona kan ƙafafu. Wallahi nan take wasan ya buɗe mini. Dokar ba wuya: wanda ya fita daga da'irar, ko wani abu nasa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ya faɗi. Kafin ka ƙifta ido an gama. Amma tun daga yadda mutum ya kafa yatsunsa a yumɓu kana iya gane mai faɗuwa.

Muna nan zaune wani mai shela ya hau, ya buɗe mafici, ya rera sunaye biyu da murya mai tsawo. Sai na ji Ishida ya damƙi hannun rigata. Ya nuna na ɓangaren hagu, wani mai kimanin shekara talatin, gwiwarsa a naɗe da farin ƙyalle, ya ce, "Ɗana ne. Kenji."

Da guntun Turancinsa ya ƙarasa mini. Ya so yaron ya yi karatu ya gaje shi a masana'anta, yaron ya zaɓi kokawa. Shekara goma sha ɗaya ba su yi magana ba, bai taɓa zuwa kallonsa ba, uwar ce kaɗai ke zuwa. A gasar nan karawa bakwai ake yi a ajinsu, ya ci uku, an cinye shi uku. Ya rubuto wa uwarsa cewa in ya faɗi yau zai aske gashin nan, wato ya bar kokawa ke nan har abada. Ishida ya ce, "Ni kaɗai ba zan iya shigowa ba. Amma baƙo dole a kai shi kallo."

Baba, na ji kamar ni za a kayar.

Abokin karawarsa ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma yaro ne shakaf. Suka durƙusa suna kallon juna, suka dafa ƙasa da dunƙulen hannu, sai kawai ji kake gam! Kai da kai, har cikin haƙorana na ji. Ƙaton ya yi ta tura Kenji baya, baya, har dunduniyarsa ta hau igiyar ciyawa. Can Kenji ya murɗa, su duka biyun suka rikito daga dandamalin tare. Alƙalin wasa ya nuna ɓangaren ƙaton da maficinsa. Ishida ya saki rigata, ya sunkuyar da kai.

Sai wani dattijo cikin baƙaƙen kaya da ke zaune a gefen fili ya ɗaga hannu. Shi da ƴan uwansa masu sa ido kan hukunci, su biyar, suka hau, suka haɗa kai a tsakiya suna nuna ƙasa suna shawara. Ni dai ina ta salati. Da suka sauka aka yi sanarwa, ƴan mutanen da ke wurin suka ɗauki tafi. Ishida ya ce, "Tare suka faɗi. Za a sake."

A karo na biyu Kenji yana ɗingishi, kowa ya gani. Da suka haɗu bai yarda an tura shi ba, ya nutse ƙasa ya cusa hannu ya kama ɗamarar ƙaton ta baya. Suka tsaya cak, kowa na huci. Ina kallon ƙafafu, sai na ga ƙaton ya ɗaga ta dama zai gyara tsayuwa. Baba, ban san na miƙe ba. A ɗakin nan da kowa ke zaune cikin natsuwa, sai ga ɗanka tsaye yana ihu da Hausa, "Yanzu! Kai shi ƙasa! Kai shi ƙasa!" Kenji ya juya ƙugu, ƙaton ya tashi sama kamar buhun auduga ya faɗo rigingine, yumɓu ya yi tim.

Wata tsohuwa a gurbin da ke gabanmu ta juyo tana tafa mini tana dariya. Na duba Ishida, ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Wanda ya yi nasarar kuwa ko murmushi bai yi ba. Hannu ya miƙa wa abokin karawarsa, suka rusuna wa juna, ya sauka. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Ni na ja Ishida muka fita. Muka tsaya a wani dogon lungu inda ƴan kokawa ke wucewa. Can sai ga Kenji ya fito, ya sa rigarsa, riƙe da ƙunshin kayansa. Da ya ga ubansa ya tsaya kamar an dasa shi. Ya rusuna, uban ya rusuna. Uban ya faɗi wata ƴar gajeriyar magana, ɗan ya girgiza kai, hawaye na zuba a kumatunsa. Daga baya na tambayi Ishida me ya ce masa bayan shekara goma sha ɗaya. Ya ce, "Na tambaye shi ko ya ci abinci."

Kenji ne ya samo mini wani wuri mai tsabta a bayan matakala, ya tsaya ya tare hanya da jikinsa har na idar da azahar da la'asar. Mutum ɗaya, amma ya fi labule.

Da muka koma ciki wurin ya cika maƙil, har sama. Mu uku muka matsu a gurbin, ni a tsakiya kamar an sa ni a matsi. Sai manyan suka fito jere, kowa da ƙyalle mai ado har ƙasa a gabansa, suka kewaye fili suka ɗaga hannu tare. Su waɗannan kafin su kara sai sun ɗebi gishiri sun watsa sama, su daki ciki, su ɗaga ƙafa ɗaya sama su buga ƙasa, jama'a na amsawa da ihu. Su durƙusa, su harari juna, su tashi su koma su sake ɗebo gishiri. Har sai ranka ya kusa fita kafin su haɗu.

Karawar ƙarshe ta babban gwaninsu ce, wanda ɗazu ya fito da farar igiya mai kauri a ƙugu. Aka haɗa shi da wani da bai kai shi ba ko kusa. Ɗan ƙaramin ya zille gefe, ya kama hannunsa ya fizge, sai ga gwani ya dafa ƙasa. Baba, ɗakin ya fashe! Mutane suka hau jifa da matasan da suke zaune a kai, sama ta cika da matasai kamar tsuntsaye. Ana ta sanarwa a daina, ba mai ji. Ni ma na zaro nawa na wurga, ya sauka a kan wani mai kwat. A nan na fara ganin haƙoran Ishida.

Daren da na sauka Madina ban ce komai ba don gajiya. Washegari bayan la'asar na zauna gaban Inna na ba ta labarin nan tun daga farko, har ina tashi ina gwada mata. Tun rasuwarka ba ta cika magana ba. Da na kai inda Kenji ya juya ƙugu sai ta ce, "Ba haka ake yi ba." Ta dafa bango ta miƙe, da gwiwar tata da komai, ta gyara mini tsayuwa ta ce ƙafar hagu ce ke shiga tsakiya. Na ce, "Inna, ina kika sani?" Ta ce, "Da wannan salon ubanka ya kayar da yayana a gaban garinmu kaf, ina tsaye da tallan fura a kaina. Sati uku gidanmu ba a ambaci sunansa ba, ni kuwa na riga na gama zaɓe." Ta yi dariya har da hawaye, ta zauna ta yi ta ba ni labarinka, gari bayan gari, har aka kira magariba daga Harami. Ashe na yi zaman shekara talatin da kai ban san rabinka ba.

Baba, ka yafe mini maganar nan ta Anbariyya. Yaro ne ni, wawa, kuma na girma ban gyara ba alhali kana gabana kullum. Ban ji kunyarka ba, kaina ne ban sani ba.

Jumma'a in Allah ya kai mu zan shigo Baƙi'a bayan asuba. Ban iya nuna kabarinka daidai ba, duk sun zama ɗaya, amma na san ɓangaren, zan tsaya in yi maka sallama.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya sa maƙwabtakar da ka samu a wannan ƙasa mai albarka ta zame maka ceto. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya raya takwaranka bisa hanya. Ya shiryi Ishida da ɗansa, ya bar su tare. Ya haɗa mu da kai a Aljanna, inda zan zauna in ji sauran labarin daga bakinka. Amin.

Ni ne ɗanka mai kewarka,
Sulaimanu, ɗan Idi ɗan kokawa,
Madina.