Buhunan Siminti a Bayan Rumbun Dada

Birnin Kudu,
Agusta, 1976.

Zuwa ga Yayana Ishiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Jummai da yara a can Ikko. Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ku daga sharrin baƙon gari da sharrin ruwa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta kankama, gero ya fitar da kai, gonarmu ta Maruta kuwa in ka gani sai ka yi murmushi. 'Yata Indo ta fara takawa, ba abin da ya tsira daga hannunta a ɗaki, har alli na makaranta ta tauna mini. Makon jiya na je gida Gwaram na kwana biyu wajen Dada, kuma abin da na gano ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Takardarka ta iso, na karanta wa mutanen gida a tsakar gida. Mun ji an zaɓe ka cikin manyan ma'aikatan tashar jiragen ruwa da za a tura Ingila bayan ƙaramar Sallah, kwas na shekara guda, a koya muku yadda shugaba yake tsara aiki da hangen nesa, don kada a sake cunkoson jirage irin na bara. Wallahi mun yi murna. Baffa Mika'ilu har da cewa ikon Allah, yaron da ba ya yarda ya tsoma ƙafa a kogin garinmu in ruwa ya kawo gwiwa, yau shi ne mai ba jiragen teku umarni. Dada kuwa ka san halinta. Kai ne ɗanta na fari, tun da aka haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta taɓa kallonka ido da ido ba, sai dai ta ce "wancan" ko "na Ikko". Ta juya baya tana tsintar wake kamar ba da ita ake ba, amma na lura hannunta ya tsaya tun daga layin farko har na kai ƙarshe.

Akwai wani abu da ka rubuta wanda ya ƙi fita daga raina. Ka ce a darussan share fage da kuka fara a Ikko, malaminku ya ce ba jirgin da ya fi jawo hasara kamar wanda aka bari tsaye a tsakiyar ruwa, ba a ba shi wurin sauke kaya ba, ba a kuma sallame shi ba. Kayan su lalace a cikinsa, ma'aikatansa su rame da jira. Ya ce aikin babba shi ne ya yanke magana, ko da mai ɗaci ce. Da na zo nan a karatun sai na kasa ɗaga kai daga takardar, domin Hapsatu matar Ɗan'auta tana zaune a gabana da yaro a cinya. Yaya, a gidanmu akwai irin waɗannan jiragen guda biyu, kuma kai kaɗai ne mai ikon sallamarsu.

Damina biyu ke nan tun da ka aiko da akwatin ƙaninmu Ɗan'auta tare da saƙon cewa ya faɗa ruwa daga kwale-kwalen da suke sauke siminti daga manyan jirage, kuma ana nan ana nema. Ana nema. Kalmar nan ita muke ci, ita muke sha tun daga ranar. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadakar uku ba, balle ta arba'in. Maƙwabta in sun shigo ba su san abin da za su ce ba, gaisuwar rasuwa ba ta yiwuwa, barka ba ta yiwuwa, sai su tambayi gajiya su fita. Dada ta ce ita ba ta yarda ruwa ya ci yaron da tun yana ƙarami yake ƙetare kogi da ninƙaya in ya cika ya batse. In ruwa ya sauka da yawa sai ta tafi bakin kogin ta tsaya. Ranar da na bi ta, ta tambaye ni ko tekun nan ya ninka wannan sau biyu, ko sau uku.

Ka tuna buhunan simintin da ka aiko da su a mota don a yi mata daɓen ɗaki? Ta hana a buɗe ko ɗaya. Ta ce ba za ta taka abin da ɗanta ya ɗauka a kansa ba sai ya dawo ya yi mata daɓen da hannunsa. Aka jingine su bayan rumbu, ruwan bana ya same su, takardar ta zagwanye, suka daskare suka zama duwatsu, kowanne da siffarsa ta buhu. Yanzu can take zama da la'asar. Na same ta ta ɗora tafin hannunta a kan ɗaya tana magana ƙasa-ƙasa, irin yadda take yi mana in zazzaɓi ya kama mu muna yara. Akwatinsa kuma yana nan a ɗakin Hapsatu, ba a wanke rigunan ba, har yanzu in an ɗaga murfin ƙurar siminti ce take tashi.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne Buba direba, mutumin Basirka, wanda yake kai shanu kudu. Da rani ya zo ya ce ya hangi wani a kasuwar Agege, tafiyarsa da tsayinsa sak Ɗan'auta, amma kafin ya tsayar da mota mutumin ya shige cikin jama'a. Ba na zarginsa, ya faɗi abin da idonsa ya nuna masa ne. Amma tun daga ranar duk motar da ta tsaya a tasha sai Hapsatu ta leƙa ta katanga. Wata mai duba kuma ta ce wa Dada wai mutanen ruwa ne suka riƙe shi, yana raye, yana cin abinci. Ni da nake koya wa yara karatu na san zancen banza ne, amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda yake cikin duhu kowace fitila aka nuna masa zai bi.

Hapsatu ba matar aure ba ce, ba mai takaba ba. Ba ta kitso, ba ta lalle, ba ta kuma da ikon ta zauna ta yi kukan mijinta a gaban mutane. Iyayenta sun zo daga Farin Dutse sau biyu, cikin mutunci, suna tambayar matsayin 'yarsu. Baffa ya je wajen liman, Malam Abdulsalami, shi kuma ya ce masa matar da mijinta ya ɓace sai an kai magana gaban alƙali ta jira shekara huɗu, sai fa in akwai waɗanda suka tabbatar da rasuwar suka ba da shaida. In ka tafi Ingila ba ka ce komai ba, ka ƙara mata shekara guda cur a kan katangar nan.

Yanzu bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, ka yafe mini in na wuce gona da iri. Ni na san ka sani. Ranar sunan yaron Hapsatu, da aka miƙo maka shi a soro, ina tsaye kusa da kai da ƙwaryar goro. Liman ya raɗa masa Iliyasu, sunan ubansa na yanka. Kai kuwa ka dube shi ka daɗe, sannan ka ce "Audi" a hankali. Yaya, wa ake kira Audi in ba yaron da ubansa ya rasu yana ciki ba? Na dubi fuskarka, labarin zuciya a tambayi fuska. Ko gawa ka gani, ko abokan aikinsa ne suka gaya maka abin da ba ya barin shakka, ban sani ba. Amma kai a zuciyarka ka riga ka yi masa ta'aziyya, mu ka bar mu da nema.

Ban ce mugunta ce ba. Na san yadda abin ya faru, don a gabana aka yi. A zuwan nan naka na suna, ka shiga gaishe da Dada ka durƙusa a bakin ƙofa, kanka a ƙasa. Ita tana ciki, fuskarta a bango. Kunyar ɗan fari ta hana ta tambaye ka, kai kuma nauyinta da tausayinta suka hana ka faɗa, ga shi kai ne ka kai shi Ikko ka sama masa aikin. Ka ce ana nan ana ƙoƙari, ta ce Allah ya taimaka, shi ke nan kuka rabu. Kowannenku yana kare ɗan'uwansa, ga shi kunyar tana cinye ta a tsaye. Ta rame, zanenta sai ta ninka shi kafin ya ɗauru.

Da safen da zan dawo Birnin Kudu, na je yi mata sallama a bayan rumbun. Ta tambaye ni ko zan mayar da amsar takardar, na ce e. Sai ta ce in rubuta in ce Ishiyaku ya zo ya gaya mata da bakinsa kafin ya hau jirgi. Haka ta faɗa, Yaya, da sunanka. Hapsatu da take shara ta saki tsintsiya. Ni kaina sai da na waiwaya in ga ko wata ce ta yi maganar, domin tun da nake ban taɓa jin yadda sunan nan yake fita daga bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka dutse a cikin ruwa, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita ta ajiye tata kunyar, saura kai.

Ba na cewa ka fasa kwas ɗinka. Ka tafi, Allah ya ba da sa'a, ka dawo ka gyara tashar yadda ɗan wata ba zai sake sauke kaya a tsakiyar teku ba. Amma ka biyo ta gida tukuna, ko da cikin azumi ne. Ka taho da wanda ya gani in akwai shi, ku tsaya gaban alƙali, ka durƙusa a ƙofar Dada ka faɗa. Kukan da za ta yi ranar ya fi mini wannan shirun.

Baffa Mika'ilu yana gaishe ka, haka Malam Abdulsalami da maigidana. Hapsatu ta ce a gaida Baban Kubra. Ka gaishe mini da Yaya Jummai da kyau, ka shafa mini kan Kubra da ƙannenta. Duk takardar da na rubuto maka tun bara da addu'a ɗaya nake rufe ta, Allah ya bayyana Ɗan'auta. Yau hannuna ya ƙi rubuta ta, ɗayar kuma ba ni da ikon fara ta kafin uwarsa. Ka zo ka ba mu izini mu ce Allah ya ji ƙansa.

Ni ce ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Batulu.