Maɗaci Na Huɗu Daga Ƙofa

Zuwa ga 'Yar Biro,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohon da kika gaji kujerarsa. Ina aiki, ina maigidanki da yara? Ki gaida min Dogo da sauran ma'aikatan lambu, har da waɗanda ba ma ga maciji da su.

Na san kin soke wannan suna tun da aka ba ki shugabancin sashen lambuna da itatuwa na ƙaramar hukuma, amma bakina ya riga ya saba. Ranar da aka kawo ki wurina, shekara goma sha ɗaya ke nan, biro uku ne a hannunki, kina rubuta duk abin da na faɗa, har da "a miƙo min tiyo".

'Yata Auta ta ce in riƙa kiranki a waya. Kin dai san kunnena, ina jin mutum kamar daga cikin rijiya yake magana. Shi ya sa na koma takarda.

Wata bakwai ke nan da ta ɗauko ni. Ban rasa komai ba. Hawa na biyar muke, ɗakina da taga, tagar kuma bangon wani gini take kallo. Ita da mijinta su fita aiki tun da safe, su bar ni da talabijin da ƙwayoyin hawan jini. Akwai wata fulawa a falo, kwana uku ina ba ta ruwa kafin Auta ta ce, "Baba, ta roba ce fa." Har yau in mijin ya tuna sai ya ƙyalƙyale da dariya.

Ƙarfe shida nake tashi kamar da, in zauna a bakin gado, ba inda za ni. Sai in buɗe ƙofar gabas ta lambun a raina, in bi layin maɗatan nan goma sha biyu ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Da na fara aiki ba su kai kafaɗata ba.

Ki ba ni labari. An gyara famfon nan na kusa da wurin lilo? Wa ke rage wa darbejiya rassa bana? Kar ki bar Dogo ya yi shi kaɗai, hannunsa bai san ya isa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baban Lambu

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni a ofis, na karanta wa su Dogo wurin fulawar roba, sai da ya zauna a cikin baro don dariya. Kowa yana gaishe ka. Sunan kuwa na bar maka, kai kaɗai.

An gyara famfo, ya sake lalacewa. Darbejiya ni na tsaya a kai.

Na so in ɓoye maka sauran labarin, amma ina bukatarka. Sabon kansilan da ke kula da taruka ya ce filin tsakiya ya yi kaɗan. Yana so a faɗaɗa shi a zuba siminti, a kafa dandamali na dindindin, domin baje koli da wasanni da tarukan shugaban ƙaramar hukuma. Ran Litinin na shigo na tarar da jan fenti, alamar sarewa, a jikin maɗatai shida na farko. Ba wanda ya gaya min.

Na same shi a ofis. Ya ce, "Ranki ya daɗe, itace ne fa. A sare a dasa wani." Na ce inuwar shekara talatin da huɗu ba a dasa ta ran Litinin a zauna ran Talata. Ya ce ai sun tsufa, suna iya faɗowa kan mutane. Nan na ciro masa rahotonka na ƙarshe, inda ka rubuta cewa duka goma sha biyun lafiyarsu ƙalau, da sa hannunka. Na ce, "Wanda ya rubuta wannan, in ya ce itace lafiya yake, zan kwantar da 'ya'yana a ƙarƙashinsa."

Kwamiti zai zauna nan da mako huɗu. Ga dabarar da na yi. Kafin zaman da kwana biyu akwai gasar karatu ta makarantun firamare, yara wajen ɗari uku. Da a filin tsakiya za a yi, da rumfuna. Na mayar da ita ƙarƙashin maɗatan, na gayyaci kansiloli duka. Su zo su zauna a inuwar da kansu, su ga ba a nemi rumfa ko ɗaya ba. Teburin alƙalai da layin gaba na yara a gindin maɗaci na huɗu zan sa su, tunda ya fi faɗin inuwa. Na ma sa an mayar da bencin nan da ka ɗauke daga wurin, ban san me ya sa ka kai shi bakin katanga cikin rana ba.

Abin da nake roƙo, ka rubuto wa kwamiti 'yan layuka, ka tabbatar da rahoton. Har yanzu sunanka da nauyi a nan.

Ofis ya yi shiru, Baba. Wani lokaci nakan ɗago kai in tambaye ka abu, sai in tuna ni ce a kujerar.

Ka gaida Auta da maigidanta.

'Yarka,
'Yar Biro

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Auta. Ba mu saba rubutu ba, ki yi haƙuri.

Ban san me kika rubuto wa Baba ba, don ya hana ni gani. Amma tun ranar ba ya cin abincin kirki. Ya zauna da takarda, ya rubuta layi biyu, ya yage. Kwandon sharar ɗakinsa ya cika. Jiya na dawo daga aiki na tarar da shi a ƙasa, bakin titi, da takalmin fita, yana tambayar masu wucewa hanyar tasha. Mutumin da likita ya ce ko matakala kar ya yawaita hawa!

Na ce, "Baba, lambun nan ya ci shekarunka talatin da huɗu, ko bikin sallama ba a yi maka ba. Ka bar musu kayansu mana." Sai ya ce min, "Ke ba ki sani ba." Ya shiga ɗaki.

Don Allah, in maganar aiki ce, ki ɗauke masa. Kina da ma'aikata. Ni uba ɗaya ya rage min.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, domin maganar ba ta jira. Na ba direban motar safe wannan takarda hannu da hannu don kar ta kwana a gidan waya.

Kar ki zaunar da yaro ko ɗaya a gindin na huɗu. Ki ɗauke bencin yau, ki zagaye wurin da igiya.

Na huɗu kogo ne. Na sani tun shekara biyu kafin in bar aiki. Bayan damina na ga laimar kwaɗi ta fito a gindinsa ta gefen katanga, na tuge ta da ƙafa kafin kowa ya gani. Na dawo da guduma na ƙwanƙwasa, ya amsa min kamar ganga. Na hau da kaina na sare babban reshen da ke kan hanya, na ce muku yana taɓa wayar lantarki ne. Bencin ma shi ya sa na ɗauke. Da na zo rubuta rahoto, na rubuta lafiya ƙalau.

Dalilin da na ba kaina shi ne, na san mutanen ofis. Ka ce musu ɗaya ya ruɓe, su kawo inji su kwashe layin duka. Wannan gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Shekarar da na fara aiki aka yi fari, aka daina kawo tankar ruwa. Sauran sun jure, na huɗu ya zubar da ganye, shugabanmu na lokacin ya ce a tuge. Wata biyar ina ɗauko ruwa a jarka daga gida a kan keke, uwar Auta tana faɗa wai na yi ɗa a lambu. Da ya sake tsiro na yi kuka a gaban ma'aikata. A gindinsa na ci abincin rana na shekara talatin. Na kasa sa hannu a sare shi ina gani. Na ce bari in tafi tukuna, wanda ya biyo baya zai gano. Ban tsaya na tuna cewa ke ce za ki biyo baya ba, kuma ke ba za ki ƙwanƙwasa itacen da na ce lafiya yake ba.

Kin ce za ki kwantar da 'ya'yanki a ƙarƙashin maganata. Tun da na karanta layin nan abinci ba ya wuce min.

Na san abin da wannan zai jawo miki a gaban kwamiti. Ki faɗi sunana, kar ki rufa min. Ba na neman ki yafe min yanzu. Ki dai ɗauki guduma ki je.

Baban Lambu

*

Zuwa ga tsohon shugaban sashe,

Wa alaikumus salam. Da fatan jiki da sauƙi. Na jinkirta amsa mako biyar saboda duk abin da na rubuta a farko bai dace a aika wa babba ba.

Na je da guduma, ni da Dogo. Bugu ɗaya ya ishe ni. Dogo ya zura rodi ta wata tsaga, ya shige har gwiwar hannunsa, ya fito da baƙar ƙasa da gara. Ya dube ni ya ce, "Baba bai sani ba ko?" Na kawar da kai. Ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Na mayar da gasar filin tsakiya, aka kafa rumfuna. Kansiloli suka zo suka ga igiya zagaye da itacen da nake karewa.

A zaman kwamiti ni na fara magana. Na ce rahoton da na kawo akwai kuskure, ɗaya ya ruɓe. Kansilan ya ce, "Kuskuren wa?" Na ce na sashenmu, kuma ni ce shugabar sashe. Ya ce in rahoto ya yi ƙarya a kan ɗaya, wa zai yarda da shi a kan sauran? Gaskiya ya faɗa. An ba ni takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina.

Abin da na samu shi ne a kawo masani daga ma'aikatar gandun daji ya duba su duka. Ya ce goma sha ɗaya lafiyarsu ƙalau. Duk da haka kwamiti ya raba gardama: an sare huɗu na farko, an bar takwas, an rage girman dandamalin. Da rahoton nan tsaf yake, ina jin da uku ba su tafi ba. Ina so ka san wannan.

Ran sarewa na tsaya. Na huɗu bai ma jira inji ya gama ba, ya tsage daga tsakiya ya faɗi ta inda ba a yi zato ba, daidai wurin da na shirya sa layin gaba. Na shiga ɗakin ajiyar kaya na rufe ƙofa.

Na yi fushi da kai, Baba, har yanzu ma da saura. Kai ka koya min cewa ba a yarda da ganye, sai an ƙwanƙwasa. Amma da ka yi shiru, ba wanda zai taɓa sanin ka sani, kuma da yanzu wata wasiƙar ce nake rubutawa, ko ban iya rubutawa ba.

Yanzu in an buɗe ƙofar gabas rana ce ke fara tarbar mutum. Tsofaffin da ke zama da safe sun koma can ciki. Ɗaya ya tambaye ni, "Ina mai lambun nan? Shi da ba zai bari ba." Na ce kana wurin 'yarka.

Ban san yadda ake fushi da kai daga nesa ba. Da kana nan da na faɗa maka a fuska, ka yi shiru, mu tashi mu ci gaba da aiki.

Ka ba Auta haƙuri a madadina.

Shugabar sashe,
'Yarka

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Na gode da ba ki sassauta min ba.

Takarda ta biyu da ke cikin ambulan ta kwamiti ce. Na rubuta abin da na yi da ranar da na yi shi, na roƙi a cire gargaɗin daga fayil ɗinki. In ba ki miƙa ba, ni zan miƙa.

Na gaya wa Auta komai. Ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta nemi hutun kwana biyu a wurin aiki. Likita ya ce bai so ba, amma bai hana ba. Motar Asabar za mu biyo.

Kar ki zo tasha. Ban sani ba ko ƙafata za ta yarda ta shiga lambun. In kika hango tsoho tsaye a bakin ƙofar gabas ya daɗe bai motsa ba, ki fito ki faɗi abin da za ki faɗa, sannan ki kama hannuna.

Allah ya sada mu da alheri.

Baba