Gargaɗin da Baba Ya Ɓoye a Littafin Turare

Kufa, 3 ga Safar

Yaya Ulayya,

Sallama da gaisuwa. Sinan, ɗalibin marigayi Baba, ya rasu ranar Talata. Ya dafa zaiba a ɗakin aiki, ƙofa a rufe, ya kwana huɗu yana tari. Na duba littafin Baba da ya bi, wanda kika kwafa da hannunki. Bai tsallake layi ko ɗaya ba.

Da na je duba Sinan kafin ya cika, dariya ya yi mini, ya ce, "Nu'aim, kai da ka gudu ka koma sayar da takarda, ashe kai ne mai wayon gidan."

Har yau ƙwayoyin zaiba na ƙyalli a jikin rufin ɗakin. Me ya ɓace a littafin?

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Nu'aim

Basra, 14 ga Safar

Nu'aim ƙanena,

Amin wa alaikas salam. Allah ya jiƙan Sinan. Babu abin da ya ɓace. Baba ba ya rubuta aiki guda cikakke a littafi ɗaya, rarraba shi yake yi don kada ilimin ya faɗa hannun wanda bai cancanta ba. Gargaɗin cewa a dafa zaiba a fili, iska na bayan mutum, yana cikin littafin turare, tsakanin ruwan wardi da almiski. Na tambayi Baba dalili, ya ce mai haƙuri zai karanta duka. Haka na kwafa.

Tun zuwan wasiƙarka, da na ɗauki alƙalami sai in ji tarin Baba a bayana, kamar lokacin da nake yi masa kwafi.

Kwafi biyu na yi na littafin da Sinan ya bi. Na biyun yana jakar mijina Hubaira, ya tafi da shi birnin Rayyu don ya gwada aikin. Bai taɓa buɗe littafin turare ba, ya ce karatun mata ne. Don Allah ka aika masa da gargaɗin.

Allah ya tsare.
Yayarki, Ulayya

Kufa, 29 ga Safar

Yaya,

Sallama. Na kwafi gargaɗin, na ba mahayi ya tafi Rayyu. Wani falke da ya dawo daga can ya ce ya ga Hubaira yana sayen gawayi da tukwanen gilashi kwana goma sha biyu da suka wuce. Ba a tabbatar mini ko takardar ta isa hannunsa ba.

Wassalam.
Nu'aim